Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Ku Riƙe Mana Likitocin Bakwaini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa 19, da Kwamishinonin Lafiya, da shugabannin hukumomin kula da asibitocin jihohi. Bayan gaisuwar ban girma, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba ku ikon sauke nauyin al'ummar da ke wuyanku.

Ni malamar makaranta ce, kuma uwar bakwaini. Na rubuto ne da yawun matan da zaman jinya ya haɗa mu a barandar ɗakin jarirai na wani asibitin gwamnati: masu jegon da ba su san wankan jego ba, da kakannin da suka yi ta kwana a kan tabarma, da mazajen da suka gaji da kai-komo tsakanin kantin magani da ɗakin gwajin jini. Wasunmu sun koma gida da goyo, wasu sun koma da zanen goyon kawai. Har yau muna zumunci, kuma su ne suka ce tunda ni ce mai riƙe alli, ni zan rubuta.

Abin da ya tayar da maganar shi ne labarin da ya iso mana cewa babbar likitar da ta tsaya kan 'ya'yanmu ta ajiye aiki, za ta tafi ƙasar waje, kuma babu wanda aka tanada ya gaje ta. Ba zan faɗi sunanta ko na asibitin ba, domin ba ita kaɗai ba ce, kuma ba jiharmu kaɗai ba ce. A 2025 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci fiye da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Ga shi kuma lokacin tsara kasafin kuɗi ya zo, ga ranar tunawa da bakwaini ta duniya a watan Nuwamba, wadda aka saba yi wa taro da riguna da jawabai a watse. Mun ga gara mu yi magana tun ba a rufe littafin kasafin ba.

Girman lamarin ba ɓoyayye ba ne. Duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne a wurin likitoci, ko da bai yi ƙanƙantar da ido zai gane ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 774,000. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa wuce kwana 28 na farko. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya ce 41. Wato baya muka ci. Alƙawarin da ƙasar nan ta sa wa hannu tare da sauran ƙasashen duniya shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030. Haihuwar bakwaini na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe waɗannan jarirai, tare da rashin numfashi lokacin haihuwa da shigar ƙwayoyin cuta.

Kukanmu na farko, ranku ya daɗe, shi ne ba a san darajar mutumin da ya iya wannan aiki ba, shi ya sa ake barinsa ya tafi kamar wanda za a samu madadinsa gobe da safe.

Ku duba abin da ake sha kafin a samu mutum ɗaya irin likitarmu. Yarinya ta gama sakandare ta shiga karatun likita: shekara 6, in yajin aiki bai yi mata ƙari ba. Ta yi shekara guda ta horon sabbin likitoci, ta yi shekarar bautar ƙasa. Sannan ta zauna jarabawar share fage ta ɗaya daga kwalejoji biyun da ke yaye ƙwararru, wato kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko kwalejin likitocin Afirka ta Yamma. In ta ci, ta shiga neman gurbi a asibitin koyarwa, abin da kan ɗauki wasu shekaru. Horon likitan yara kansa shekara 5 ne zuwa 6, da manyan jarabawa biyu da kundin bincike, ga kwanan asibiti ba iyaka. Sai bayan duk wannan ne za ta karkata kacokan ga jarirai sabbin haihuwa. Shekara 13 ko 14 ke nan a ƙalla. Gwamnan da ya ɗauki nauyin yarinya a shekararsa ta farko a mulki, ko ya yi zango biyu, zai sauka ba ta ko shiga tsakiyar horon ba. Ina jin wannan ne ya sa ba a cika sha'awar aikin ba: babu ranar yanke ƙyalle a cikinsa. Amma takardar ajiye aiki, wuni ɗaya ake rubuta ta.

Kuma tafiyar hawa-hawa ce. Likitan asibitin jiha yakan fara komawa asibitin tarayya, domin a jihohi da dama albashi da alawus ba su kai na tarayya ba. Daga can sai Saudiyya ko Ingila ko Kanada. Sakamakon haka ƙwararrun jarirai ƙalilan da Arewa ke da su sun taru a manyan asibitocin koyarwa: Malam Aminu Kano a Kano, Shika a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Maiduguri, Jos, Gombe, Bauchi da makamantansu. Matar da ta haifi bakwaini a ƙaramar hukumar da ke nesa da waɗannan birane, sai dai a ce mata "a tafi babban asibiti", in an je kuma a tarar babu gado.

Wataƙila wani a cikinku ya ce ai mun sayo kwalabe, mun raba wa asibitoci. Mun gani a talabijin, kuma mun gode. Sai dai ina so in gaya muku abin da idona ya gani a wancan ɗaki, domin ku gane cewa kwalba ɗumi da laima kawai take bayarwa. Keken ɗinki ne. In babu tela, ba riga.

Ɗana bai kai kilo ɗaya da rabi ba da aka haife shi. Kullum da sassafe sai an ɗora shi a ma'auni, kuma a kan abin da ma'aunin ya nuna likita ke lissafa komai na ranar: ruwan da zai shiga jijiyarsa, sukarin da ke cikin ruwan, maganin da za a ba shi, da nonon da za a zuba masa. Ba da cokali ake awo ba, da mililita ne, wani lokaci da rabinta. In ruwan ya yi yawa ya wahalar da zuciya da huhu, in ya yi kaɗan ƙoda ta galabaita. Jaririn da bai kai wajen mako 34 ba bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, don haka nonon da nake tatsa ta siririyar roba ake zura masa shi zuwa ciki. Kafin a ƙara masa ko ɗigo, sai likita ta taɓa cikinsa, ta duba launin abin da ke dawowa ta robar, saboda akwai wani ciwon hanji da ke kama bakwaini, wanda kan ruɓar da hanjin cikin ɗan lokaci in ba a farga ba. Ita ce ta hana a zubar da dakashi, ta ce shi ne maganinsa na farko, ta kuma hana kakarsa ɗiga masa ruwan dabino, cikin ladabi da raha har tsohuwar ta haƙura.

Sai numfashi. Huhun bakwaini bai gama samar da wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna ba, shi ya sa za ka ga ƙirjinsa na lotsawa yana gurnani. Ana sa masa wasu 'yan robobi a hanci da ke tura iska a hankali don huhun ya zauna a buɗe, ana jin ruwa na ɓulɓula a gora a gefen gado. Ban da wannan, ƙwaƙwalwarsa kan manta ta ba da umarnin numfashi, sai ka ga yaro ya yi shiru, launinsa ya sauya. Maganin wannan, abin mamaki, sinadarin da ke cikin gahawa ne, wanda ake ba shi a awo na musamman kowace rana.

Wata rana wata kaka ta ga jikanta na wahala, ta ce, "Likita, don Allah a ƙara masa iskar mana, ko nawa ne za mu biya." Likitar ta zaunar da ita ta yi mata bayanin da ban manta ba. Iskar oksijin magani ce, kuma tana da iyaka. In ta yi wa bakwaini yawa tana ɓata jijiyoyin bayan ido har yaro ya makance. A shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai sun makance a Amurka da Turai ta wannan hanya kafin a gano dalili. Shi ya sa ake ɗaura wa jariri 'yar na'ura a ƙafa, ana tsare awon tsakanin 90 da 95, ana ragewa ana ƙarawa dare da rana. Asibitin da aka kai wa tukunyar oksijin ba a kai masa wanda ya san wannan ba, zai iya ceto rai ya salwantar da ido.

Haka batun shawara. A gida in idon jariri ya yi rawaya sai a ce a fitar da shi hantsi, ko a ba shi ruwan gulukos. A wurin bakwaini jira ganganci ne, domin abin da ke sa rawayar in ya yi yawa a jini yana hawa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Likita ce ke duba awon jini ta yanke hukunci: wannan a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wancan kuwa ya wuce nan, sai an sauya masa jini. Na ga an yi wa ɗan maƙwabciyar gadona. Ta jijiyar cibiya ake zura roba, a zuƙe jini kaɗan a mayar da sabo kaɗan, a sake, a sake, sa'o'i ana abu ɗaya, likita a tsaye, nas na rubuta kowane awo. A bakin likitar na fara jin cewa kafur ɗin da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai, har ma da lalle, na iya farfasa jinin wasu jarirai masu wani rauni na gado da ya yawaita a yankinmu, musamman maza.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ciwo ke zuwa wa bakwaini a ɓoye. Ba lallai ya yi zazzaɓi ba. Sai dai jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi karɓar nono, ko ya yi laushi. Likitarmu takan tsaya bakin kwalba ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce wa ƙaramin likita, "Yaron nan bai yi mini ba yau, a ɗebi jini." Sau da yawa gwajin yakan gaskata ta. Wannan ido ba a sayo shi da kwangila. Shekaru ne na tsayuwa a kan jarirai, waɗanda suka rayu da waɗanda ba su rayu ba.

Don kada a ɗauka kuɗi ne kaɗai sirrin: a watan Agustan 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa namiji saura mako biyar da 'yan kwanaki cikinta ya cika. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 2. Bai cika kwana biyu ba ya rasu da ciwon huhun nan, duk da dukiya da mulkin Amurka, saboda ilimin bai kai ba a lokacin. Na'urar tura iska ta hanci sai a farkon shekarun 1970 aka fara amfani da ita ga jarirai, maganin da ke maye gurbin sinadarin huhun kuma sai a 1980 wani likita a Japan, Tetsuro Fujiwara, ya nuna yana aiki. Yau jariri mai wannan nauyi yana rayuwa a Kano ko Sakkwato in ya faɗa hannun wanda ya sani. Ilimin ya iso mana. Masu shi ne muke sakaci da su.

Kuka na biyu na ma'aikatan jinya ne. Likita takan zaga ta tsara, amma nas ce ke kwana da jariri. Akwai daren da na ƙirga jarirai sun haura ashirin, nas biyu ke kansu, ɗaya kuma ta tafi neman jini. A irin wannan dare uwa ce ke zama mai gadin numfashin ɗanta, ana ce mata in ya ɗauke ki shafa tafin ƙafarsa ki kira mu. Abin takaicin, sai nas ta shekara tana koyon sa allura a jijiyar da ba ta kai zaren ɗinki kauri ba, ta ƙware, rana ɗaya takardar sauyin wurin aiki ta fito a mayar da ita ɗakin masu karaya, a kawo sabuwa a fara daga farko. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo kafin a gyara shi. Umarni ne kawai daga hukumar asibitoci.

Na uku, wuta. Kwalba, fitilar shawara, na'urar tace oksijin, na'urar tura iska, duk da lantarki suke aiki. In aka ɗauke wuta, kafin mai janareta ya taso daga barci ya tayar, jikin jaririn da ya kamata ya zauna tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin zafi ya fara sanyi. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A watan Afrilun shekarar kuma an ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko, wato Band A, zuwa naira 225 kowane ma'auni, asibitoci suka shiga kukan bashi. A ƙasar da rana ke dukanmu wata goma sha biyu, bai kamata numfashin jariri ya rataya a kan jarkar dizal ba. Kuma ba sai an je Turai neman dabara ba. Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan Najeriya da ya daɗe yana farfaɗo da matattun kwalabe a asibitocin ƙasar nan, ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya ta 2023 saboda na'urorin taimakon numfashin jarirai masu aiki da hasken rana. Ko a nan gida akwai wanda za a tambaya. Ku sa a leƙa ɗakunan ajiyar asibitocinku a ƙirga kwalaben da aka jingine saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace babu mai gyara.

Na huɗu, kuɗi. Jihohi da yawa sun shelanta cewa kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta ne. A barandar da muka zauna, kyautar ba ta wuce kati da gado ba. Robar ciyarwa, allurai, gwajin jini, maganin numfashi, wani lokaci har oksijin, duk takarda ake miƙo wa uba. Jinyar bakwaini kuwa ba ta kwana uku ba ce, makonni ce. Na ga magidanci ya sayar da babur ɗin da yake nema da shi. Na ga wanda ya sa hannu ya ɗauke 'yarsa likita na roƙonsa, ba don ba ya son ta ba, sai don aljihu ya ƙare kuma akwai wasu yaran a gida. Irin wannan uba ana rubuta cewa ya fita ba da yardar likita ba, a rufe fayil, babu mai bin sawun abin da ya faru da yarinyar. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Madalla. To jaririn da aka ciro a wata bakwai saboda jijjiga ta kama uwarsa fa, wa zai biya nasa?

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan araha, wanda rashinsa ya fi ba ni haushi. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe, sai ya fara ɗaura wa uwaye jariransu a ƙirji, fata da fata, jariri na sanye da hula da ƙyallen tsuguno kawai, a lulluɓe su tare. Jikin uwa ya zama abin ɗumama shi, numfashinsa ya daidaita, nono ya zo, cututtuka suka ragu. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilce mu. An gano cewa jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, in aka fara yi musu wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, ba a jira sai sun warware ba, mutuwarsu na raguwa da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga kowa. Mu da muka gaji goyo kaka da kakanni, ba sai an sha wahalar koya mana ba. Abin da ya hana shi ne gini: an tsara ɗakunan jarirai ne a kan uwa ta zauna a waje. Babu gadon da za ta kishingiɗa, babu makewayi kusa, babu abinci. Macen da aka yi wa tiyata shekaranjiya ba za ta iya goyon ƙirji na sa'o'i a kan benci ba. Ni a kan kujerar roba na yi nawa, kuma da idona na ga awon ɗana ya fara hawa.

Ba zan tsawaita kan hanya ba, kun san ta. Binciken 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. Bakwainin da aka haifa a ɗaki, a yi masa wanka, a gasa cibiya, a naɗe shi a zani a hau babur ko a-daidaita-sahu cikin hunturu, yakan iso asibiti jikinsa ya yi ƙanƙara. Ga kuma maganar da ake yi cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa, wadda ba ta da tushe. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki riba ce. Ungozoma da ma'aikacin ƙaramin asibiti in sun san abu uku, a goge jariri a busar, a jinkirta wanka, a manna shi a ƙirjin uwa a taho da shi haka, da yawa za su iso da sauran ƙarfi. Sakkwato ta nuna ana iyawa tun 2013 da ta fara raba man shafa wa cibiya har ƙauyuka. Haka allurar da ake yi wa mai naƙudar da ta zo da wuri don ta nunar da huhun jariri: tana da araha, kuma binciken da aka buga a 2020, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya tabbatar tana rage mutuwar jarirai. Amma sai an san watannin cikin da kyau, sai kuma akwai wanda ya san wadda ta dace a yi wa. Nan ma maganar ta koma kan ƙwararre, domin shi ne zai horar da na ƙasa da shi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kowace jiha ta ƙirga likitocin jarirai da nas-nas ɗin jarirai da take da su a asibitocinta, ta faɗa wa jama'a adadin. Sannan ta ɗauki nauyin likitocinta matasa su je horon likitan yara da na jarirai, da cikakken albashi da kuɗin jarabawa, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Waɗanda ke nan kuma a daidaita albashinsu da na tarayya, a biya alawus ɗin kwanan asibiti a kan kari, a ba su gida kusa da asibiti. Wanda ya kai shekarun ritaya yana da sauran ƙarfi, a riƙe shi da kwantiragi ya koyar. In likita ya miƙa takardar ajiye aiki, Kwamishina ya kira shi ya ji dalili kafin a sa hannu. Tamu babu wanda ya kira ta.

A hana sauya wa nas ɗin da aka horar kan jarirai wurin aiki sai da amincewar likitan ɗakin, a kuma ƙara yawansu a aikin dare.

A ba kowane ɗakin jarirai sola da batura nasa na kansa, waɗanda ba a haɗa su da ofisoshi ba. Kada a sake sayen kwalba ko wata na'ura sai da yarjejeniyar gyara da kayan gyara da horar da mai gyara, kuma likitan da zai yi aiki da ita ya zauna a kwamitin sayen.

A mayar da jinyar kwana 28 na farko kyauta ta gaskiya, da maganin numfashi da robar ciyarwa da gwajin shawara da oksijin a ciki, a sa ta cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohi da asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Ko jihar da ta rubuta hakan a takarda, muna roƙon a saki kuɗin, kuma jarirai su samu layinsu daban da za a iya bibiya.

A kowane babban asibitin ƙaramar hukuma a ware ɗaki na goyon ƙirji, da gadaje da makewayi da abincin masu jego, a haɗa shi da ƙwararren da zai riƙa zagayowa yana kuma amsa waya. Tsarin ɗaukar masu naƙuda da wasu jihohi ke yi, irin Haihuwa Lafiya ta Jigawa da haɗin gwiwa da ƙungiyar direbobi, a faɗaɗa shi ya haɗa da jariran da aka tura babban asibiti. Bayan sallama kuma a tanadi duba ido da kunnen bakwaini a kan lokaci, domin makantar da na ambata ana iya tare ta in an duba cikin makonnin farko.

Kafin ku sa hannu a kasafin bana, muna roƙon kowane Gwamna ya kira likitocin jarirai da manyan nas-nas na jiharsa, tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasa, ya zauna da su ba tare da 'yan kwangila ba. In ana buƙatar iyaye a zaman, a shirye muke mu zo.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Taku,
Uwar bakwaini, a madadin iyayen da suka yi jinya a ɗakin jarirai.